Abincin da Ba a Dafawa a Gidansu

"Kashe obin ɗin nan!"

Na juyo a firgice, tsumman ɗaukar tukunya a hannuna. Dogo ne tsaye a bakin kicin, ledar lemon da na aike shi saye tana lilo a yatsansa. Ko sallama bai yi ba.

"Lafiya? Gobara ake yi?"

"Me kika saka a ciki?"

"Abincin surukata mana," na ce ina murmushi. "Surukata in Allah ya yarda. Gashin dankali da niƙaƙƙen nama. Ka ji ƙamshi ko?"

Ledar ta suɓuce masa, lemo ya bazu a ƙasa har ƙarƙashin firij.

"Innalillahi... Gimbiya, me kika yi?"

Tun da na san Dogo ban taɓa ganin abu ya suɓuce daga hannunsa ba. Mutumin da ke cusa hannu cikin wayoyin lantarki yana fito! A kantin abincin ma'aikatar da nake girki muka haɗu, ranar da ya zo gyaran babban obin ɗinmu, na yi masa tas saboda ya taka min ƙasan da na gama gogewa. Ya tsaya yana kallona daga can sama, don tsawo kam Allah ya ba shi, ya ce bai taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba. Daga nan obin ɗin ya riƙa lalacewa duk mako, ko kuma shi ya riƙa cewa ya lalace.

Ni na so shi, ba zan ɓoye ba. So irin wanda ke hana mutum cin abincin da ya dafa da hannunsa.

Mahaifiyarsa ce ta ƙi. Ta ce ba za ta haɗa zuri'a da yarinyar da ke tsayawa gaban layin maza tana zuba miya tana mayar da magana ba. Tana da wadda take so, 'yar ƙanwar mijinta marigayi, wadda kowa ke kira Nas, mai zuwa duk yamma ta auna mata jini ta jera mata magunguna. Da ƙyar da roƙo Dogo ya samu ta yarda da abu guda: za ta zo gidan Yayata, inda nake zaune, ta ci abincin dare, ta gan ni da idonta. Abin da ta faɗa bayan nan shi ke nan, babu ɗaukaka ƙara. Shi kuma ya riga ya gaya min, idonsa cike da ƙwalla, cewa ba zai iya tsallake maganarta ba.

To yau ce ranar, ga shi kuma yana ce min in kashe obin.

"Ka yi min bayani," na ce. "Ba zan kashe komai ba sai na ji dalili."

Ya jingina da bango, ya shafa fuskarsa.

"Abincin Baba ne."

"Baba kuma?"

"Abu ɗaya ya iya dafawa a duniya, shi ne wannan. Duk ranar hutunsa sai ya kori Mama daga kicin ya yi mana. Ranar da zai rasu... ya gama jerawa, ya saka a obin, ya zo falo ya zauna ya ce kansa na sarawa. Bai sake tashi ba. Muka kwashe shi sai asibiti, babu wanda ya tuna da wuta. Da muka dawo ba tare da shi ba, ƙamshin nan ne ya tare mu a ƙofa. A nan Mama ta yanke jiki ta faɗi."

Na ajiye tsumman a hankali.

"Tun daga ranar," ya ci gaba, "ni da ƙannena muka hana. Ko ɗanyen dankali ba ya shiga gidanmu. Ko sunansa ba a faɗa."

"Kai kuma ba ka taɓa gaya min ba!"

"Ta ina zan san za ki zaɓi wannan cikin duk abincin duniya?"

"Ba ni na zaɓa ba. Nas ce."

Ya ɗago kai.

"Shekaranjiya ta zo har wurin aikina," na ce. "Ta ce ta haƙura, ta ce ba ta son ta zama sanadin raba masoya. Har hannuna ta riƙe! Ta ce in ina son zuciyar Mama in yi mata gashin dankali da nama, babu abin da ta fi so. Ta ce kada in gaya maka, wai don ka sha mamaki."

"Haba... Nas fa? Tana wurin ranar da Mama ta faɗi. Ita ta ɗaga ta. Ba za ta yi haka ba."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

"Au, ni ce zan yi ƙarya ke nan?"

"Ban ce ba, rabin raina. Wataƙila ba ki fahimce ta..."

"Kada ka ƙara ce min rabin ranka! Rabin ran da ba a yarda da maganarsa!"

Hayaniyar ce ta fito da Yaya daga ɗaki, ɗankunne ɗaya a kunne ɗaya a hannu. Dama ita can ba son wannan neman take ba. Ta sha gaya min cewa gidan da sai an yi maka jarrabawa kafin ka shiga, ko ka shiga ba za ka sake ba. Ta saurari labarin a tsaye, ta riƙe haɓa.

"Ai na faɗa miki, Auta! Mace ta zo tana yi miki murmushi a kan namijin da take so, ke kuma kin buɗe baki kin haɗiye! To yanzu ba lokacin faɗa ba ne. Fito da tiren nan, mu kai shi banɗaki mu rufe. Kai Dogo, ruga ka sayo shinkafa da kaza a ƙasan layi, mu juye a kulolinmu."

"Ƙamshin fa, Yaya?"

"Mu ce na maƙwabta ne."

Na dubi gilashin obin. Saman ya fara yin ja, madarar tana tafasa a gefe tana fitar da ƙananan kumfa. Hutu na ɗauka yau saboda abin nan. Tun safe na je na tsaya a kan mai nama har ya niƙa min wanda ba kitse da yawa. Na fere dankalin, na yanka shi siriri-siriri har ana ganin haske ta jikinsa, na jiƙa a ruwa na tsane. Na soya albasa a hankali sai da ta yi laushi, na zuba naman da tafarnuwa da masoro na juya har ruwansa ya ƙone, sannan tumatir. Na dama fulawa da man shanu da madara ba gudaji ko ɗaya. Layin dankali, layin nama, layin dankali, ina jerawa ina addu'a, sannan na barbaɗa cuku a sama. Ban taɓa yi wa wani abinci ladabi kamar wannan ba, ashe ramin kaina nake haƙawa.

Na share hawayena da bayan hannu.

"Ba zan ɓoye ba."

"Ke Auta, kina da hankali kuwa?"

"Yaya, ƙamshin nan ya sauka bene tun ɗazu, ya kai titi. Matar da ta faɗi saboda shi ce za mu ce wa na maƙwabta ne? Ta zo ta ga ko ni wace ce, abu na farko da za ta ji daga bakina ya zama ƙarya?"

"Gimbiya, don Allah," Dogo ya ce ƙasa-ƙasa. "Tana da hawan jini. In ta faɗi fa?"

Na tsaya tsuru, hannuna a kan makunnin obin, na rasa ta inda zan juya shi.

Sai muka ji odar mota a ƙasa.

Yaya ta leƙa ta taga, ta juyo idonta waje.

"Sun iso."

Gidan Yaya a hawa na uku yake, kuma matakalar tana kawo kowane sauti. Muna jin takunsu, ɗaya mai nauyi a hankali, ɗaya ƙwas-ƙwas na takalmi mai tsini. A hawa na biyu takun mai nauyin ya tsaya. Ya daɗe bai motsa ba. Dogo ya zabura zai sauka, sai muka ji takun ya ci gaba.

Mama ta shigo, Nas na biye da ita. Doguwar mace ce siririya, da ganinta ka san inda Dogo ya samo tsawonsa. Fuskarta ba yabo ba fallasa, amma sai da ta dafa ƙofa. Na durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Mama. Ina wuni?"

Ba ta amsa ba. Yaya ta kama ta ta zaunar a kujerar cin abinci, tana ta jero sannu kamar za ta cike shirun da ita.

Nas ce ta fara magana. Ta ajiye jakar awon jininta a kan tebur, ta shaƙi iska, ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Me nake ji haka? Baiwar Allah, ba dai shi kika dafa ba?" Ta juya wurin Mama, muryarta har da rawa. "Mama, wallahi takanas na je wurin aikinta na ja mata kunne. Na ce ta dafa komai banda wannan. Na gaya mata dalili. Wane irin rashin imani ne wannan? Tashi mu tafi, Mama, kafin jininki ya hau."

Kai! Na san mutane na ƙarya, amma ban taɓa ganin wadda aka yi wa kwalliya haka ba. Bakina ya cika da magana, irin wadda in na sake ta sai an rufe tagogi. Yaya ta matse min hannu ta baya. Ban da shaida, ni da ita ne kawai a bayan kantin ranar. Kuma mutum ɗaya da ya kamata ya tsaya min ya riga ya ce wataƙila ban fahimta ba.

Ban ko kalle shi ba.

"Ƙarya kike yi."

Muryar Dogo ce.

"Yaya Dogo!" Nas ta ce. "Ni kake ƙaryatawa a kan bare?"

"Ke nake ƙaryatawa." Ya zo ya tsaya kusa da ni, har ina jin ɗumin kafaɗarsa. "Mama, ban ga lokacin da suka yi magana ba, kuma ɗazu ni ma na yi shakka, Allah ya yafe min. Amma na san yarinyar nan. In za ta yi miki rashin kunya, da baki za ta yi, a gaban idonki, kowa na ji. Ba za ta wuni tana yanka dankali don ta ɓata miki rai ba."

A wani lokacin da na tambaye shi ko yabo ne wannan ko zagi. A lokacin kuwa hawaye ne suka zubo min.

Mama ta ɗago ido ta dube ni a karon farko.

"Ke. Me za ki ce?"

"Mama, ban sani ba. Da na sani da ban dafa ba, Allah ne shaidata. Sai ɗazun nan na ji labarin Baba, Allah ya jiƙansa. An ce in ɓoye tiren in sayo wani abu, na ƙi, don ba na son in fara da yi miki ƙarya. In kin ce in fitar da shi daga gidan nan, yanzu zan fitar. Ki yafe min."

Ta mayar da idonta kan teburin.

"Zai ƙone," ta ce.

"Na'am?"

"Na ce zai ƙone. Ƙamshin ya canja. Je ki sauke, ki kawo shi nan."

"Mama, jininki..." Nas ta fara.

"Jinina a jikina yake."

Ban san yadda na isa kicin ba. Na fito da tiren, zafinsa yana ratsa tsumma, na kawo na ajiye a tsakiyar tebur. Saman ya yi ja-ja-wur yana sheƙi, yana ƙara a hankali. Gefe-gefen kuwa, saboda tsayawar da muka yi muna jayayya, ya wuce misali, ya yi duhu ya manne da ƙarfe.

Mu masu girkin kanti muna da ƙa'ida, kuma hannu ba ya mantawa ko da kai ya rikice. Tsakiyar tire ta baƙi ce, gefen da ya kama na mai girki ne, ba ya zuwa gaban kowa. Na yanka tsakiya mai kyau, layukan sun fito ras, na sa wa Mama. Na sa wa Yaya, na sa wa Dogo, har Nas na sa wa. Sannan na kankare kusurwar da ta ƙone na juye a farantina, na ja shi gefe don kada a gani.

Babu wanda ya ɗauki cokali. Kowa Mama yake kallo.

Ita kuma ba nata farantin take kallo ba. Nawa take kallo.

Leɓenta ya fara rawa. Dogo ya miƙe rabi, Nas ta jawo jakarta tana buɗe zif, fuskarta na cewa ai ga shi nan.

"Ba ni wancan," Mama ta ce.

"Mama, ƙanzo ne... ya ƙone. Nawa ne."

"Nawa ne," ta ce, muryarta ta karye. "Tun ina amarya nawa ne. Babansu yake kankare min da kansa, yaran nan su yi ta rigima ya hana su."

Na miƙa mata da hannu biyu. Ta ɗauki ɓangaren da ya fi duhu da yatsunta, ko cokali ba ta nema ba, ta kai baki. Muna jin ƙarar taunarta. Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba, ta sake ɗaukar wani.

"Mama, ki bari haka," Dogo ya ce. "Kada ya tayar miki..."

Ta buga tafin hannu a tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Wa ya ce muku ba na so? Wa ya tambaye ni? Na faɗi sau ɗaya, ranar da na rasa mijina, wace mace ce ba za ta faɗi ba? Shi ke nan kuka haɗa kai kuka binne shi da abincinsa! In na ambaci sunansa ku canja magana. In na bi ta wurin masu dankali a kasuwa ku ja ni gefe kamar mahaukaciya. Ni kuma ban iya dafawa ba, bai taɓa barina na tsaya na gani ba. Ina ta jin kunyar in ce muku ina marmarin abincin mijina..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Dogo ya zube a gabanta ya kifa kansa a gwiwarta, ƙaton mutum yana sheshsheƙa kamar yaro. Yaya ma da ba ta son su, sai ga ta tana jan hanci da bakin mayafi.

Da ta lafa, Mama ta juya wurin Nas.

"Ke kuma. A tunaninki wannan abincin zai kayar da ni."

"Mama, ni fa..."

"Ke kike auna jinina kullum, kin fi kowa sanin inda yake. Kika kamo hannuna kika hau da ni benen nan, kina jiran in faɗi don ki samu miji." Ta girgiza kai. "Ɗauki jakarki ki jira a mota. Ni da uwarki za mu yi magana."

Nas ta fita, kuma a wannan karon ba mu ji ƙarar takalminta ba.

Mama ta cinye kusurwar, ta sa na kankaro mata ta biyu. Ta ce tumatir ya yi yawa, marigayi ba ya sa cuku, kuma nasa ya fi nawa yaji. Na ce to, Mama. Ta tambaye ni aikina, da iyayenmu, da yadda Yaya ta riƙe ni bayan rasuwarsu. Ta ce an gaya mata bakina yana da kaifi. Na ce ba a yi min ƙarya ba. Ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, ban gane ko dariya ce ba.

Amma maganar da muke jira ba ta faɗa ba.

Ta wanke hannu, ta gyara mayafi, ta yi wa Yaya godiya, ta nufi ƙofa. Dogo ya dube ni, na dube shi. Ashe mutum zai iya ciyar da mace abin da ta fi marmari a duniya, ta yi kuka a teburinsa, kuma ta tafi da ɗanta.

Na bi ta har bakin matakala.

"Allah ya kiyaye hanya, Mama."

Ta sauka taki ɗaya, ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Kwanon gashinsa yana saman kabad a kicin ɗina. Na ƙarfe ne, baƙi, hannunsa ɗaya ya karye. Babu wanda ya taɓa shi tun ranar."

"To, Mama. In kina so in zo in ɗauko, duk lokacin da kike marmari sai in yi miki in aiko..."

Sai a lokacin ta juyo. Idonta jajur, amma ta harare ni sosai.

"Ki ɗauko ki kai ina? Kwanon nan ba ya fita daga gidana. Ke za ki zo ki same shi." Ta ɗaga kai ta dubi Dogo da ke bayana. "Kai kuma ka daina tsayawa kamar falwaya. Ka je ka gaya wa kawunnanka su shirya, su zo su nema maka 'yata."

Na zauna a kan matakala na rufe fuska.

"Rabin raina..." Dogo ya ce a hankali, yana tsoron abin da zan mayar masa.

Na buɗe baki, ni mai magana, na rasa ko kalma ɗaya.